Ɗigon da Tsintsiyata Ta Rufe

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ma'aikata suka samu ƙarin albashi kowa ya shiga neman abin hawa, ni amarya ce a Birnin Kudu, 'yar ƙauye daga Surko, ban daɗe da tarewa ba. Ba ni da abin taƙama a duniya sai tsafta. Inna ta raine ni a kan cewa abin kunya ne rana ta fito ta iske tsakar gidan mace ba shara. Mijina malamin gona ne, aikinsa zagaya ƙauyuka har Gwaram da Basirka. Mutum ne mai ƙarancin magana, ni kuma kunya ba ta barina in tambaye shi abin da ya shafe ni, balle wanda bai shafe ni ba.

Sai ya sayo mota ta hannu daga Kano. Ta sha duniya, amma a wurinsa ba ta da na biyu. Ya fasa katanga ya yi mata ƙofa, ya kafa mata rumfa daf da ɗakina. Tun kwanan farko na ga tana ɗigar da baƙin mai ta gaba, tana ɓata mini ƙasa. Na jiyo shi a zaure yana gaya wa abokinsa cewa bakanike ya ɗan ɗaure wurin, ya kuma ce wannan ɗigon ba komai ba ne, tsufa ne kawai. To, sai na kama nawa aikin. Kullum da asuba, yana masallaci, nakan durƙusa in zura doguwar tsintsiya ƙarƙashin motar, in kwashe ƙasar da ta ɓaci, in watsa sabon rairayi. Shi kuma kafin ya fita sai ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya zagaya tayoyin, ya miƙe yana gyaɗa kai. Ni a wautata na ɗauka sharata yake dubawa. Har daɗi nake ji, gobe in ƙara ƙaimi.

Da kaka ta yi, sai na fara ganin wani ɗigo dabam kusa da tayar baya. Wannan ba baƙi ba ne, garai-garai yake kamar man gyaɗa. Na taɓa da yatsa na ji santsi, na sansana na ji wani wari da ban sani ba. Na ce a raina, baƙin ma an ce ba komai, ina ga wannan mai haske. Da fari girmansa bai fi kwabo ba, a hankali ya kai tafin hannu. Na taɓa yin niyyar faɗa masa, sai na ga kamar zan kushe masa abin da yake alfahari da shi, a ce amarya daga zuwanta ta fara ganin laifin motar miji. Sai na ci gaba da rufewa da rairayi.

Wata ranar kasuwar Gwaram ya fita aiki kamar kullum. A wani gangare da ke sauka zuwa rafi ya tarar da garken shanu na tsallakawa, ga mata da kaya a ka a gefe. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Ya karkatar da motar cikin gona ya daki wata ɗorawa. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu, amma ƙafarsa ta dama ta dagargaje daga gwiwa. A bayan motar hatsi aka kawo shi asibiti, ya yi watanni a kwance.

Ranar da bakaniken ya zo duba shi, ina wurin na kawo ruwa. Ya ce ya je ya ga motar, tiyon man birki ne ya tsage ta baya, kuma ba tsagewar rana ɗaya ba ce, ya daɗe yana zuba. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, domin shi da bakinsa ya gaya wa Malam ya riƙa duba ƙasa kowace safiya: baƙi na inji ne, ruwa mai tsatsa na lagireto, amma in ya ga mai haske kusa da taya, kada ya ko tayar da motar. Mijina ya rantse bai taɓa tsallake rana ba, kullum ƙasa fes yake gani, har yana yaba gyaran da aka yi masa. Na ajiye kwanon ruwan a hankali na fita waje.

Sai da aka sallame shi muka koma gida na iya gaya masa. Na ce masa ni ce nake kwashe ɗigon kullum ina rufewa da rairayi. Sai ya ce shi ne bai faɗa mini abin da yake nema a ƙasa ba, kuma da ya riƙa buɗe gwangwanin man birkin da kansa, da ya ga yana raguwa. Bai taɓa goranta mini ba har ya bar duniya. Amma yana dogara sanda ya ƙarasa rayuwarsa, aka mayar da shi aikin tebur, bai sake zagaya ƙauyukan da yake so ba. Wannan na gani da idona kullum, kuma ya fi mini gori ciwo.

Abin da zan ce wa masu mota shi ne, kada ku dogara da kallon ƙasa kaɗai, ku buɗe ku duba man da kanku, kuma ku gaya wa mutanen gida abin da kuke dubawa. Mata kuma, in kun ga ɗigo a ƙarƙashin mota, kowane iri ne, ku bar shi sai mai ita ya gani, kunya ba ta shiga nan. Yanzu na tsufa, ɗana yakan zo da tasa motar ya kwana. Jikokina na yi mini dariya wai Hajiya ta fara ƙyuyar shara, domin nakan share ko'ina in bar ƙarƙashin motar. Ba na taɓa wurin sai ɗan nawa ya fito ya sunkuya ya leƙa, ni ma ina tsaye a bayansa.