Waya a Kulle, Makulli a Jidda

Shekara huɗu na yi ina zarya ofishin waya kafin a ja mini layi zuwa gidanmu a Ƙofar Jatau. Zamanin soja ne. Ni maɗinkin riga ne, ban yi boko ba, amma lambar wayar nan na haddace ta kamar sunana. A ɗakina na sa aka kafa wayar, kusa da tabarmar da nake aiki.

Da zare ya yi tsada, masu babbar riga suka ja baya, sai na tafi Jidda neman aiki. Na bar Inna, mahaifiyata, ƙafa ta fara ba ta wahala. Na ce mata duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira, ta zauna kusa. Kuɗin layi na bar wa wani abokina, kuma bai taɓa fashi ba. Ranar tafiya na kulle ɗaki kamar kullum, na jefa makulli a aljihu. Sai a cikin jirgi na ji shi yana sukar cinyata.

Ban damu ba. Kwaɗo ne ɗan ƙarami, dutse ɗaya ya ishe shi.

Juma'ar farko na tsaya a rumfar waya a Jidda na buga. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta biyu haka, ta uku haka. Sai na ɗauki magana a kaset, na ba wani mai komawa gida ya kai wa Baffa, ƙanen mahaifina, wanda gidan ke hannunsa. Abu ɗaya na roƙa: a fasa kwaɗon, a fito wa Inna da wayar.

Wata biyu kafin amsa ta zo, ita ma a kaset. Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya yi gyaran murya.

"Kai, ashe Jidda hauka take koya wa mutane? A gidan nan ba a fasa ƙofar mai rai. Ranar da aka fasa ta ubanka, daga maƙabarta muka dawo. So kake unguwa ta shigo mana gaisuwa? In kana son a buɗe, aiko da makulli, ko ka zo da ƙafarka."

Ɗakina ne. Kwaɗona ne. Ni mai ɗakin ga muryata ina cewa a fasa, amma wai bai isa ba. Na yi jifa da kaset ɗin.

Makullin sai bayan aikin hajji na samu amintaccen da zai kai shi, wani dattijo daga Tukur-Tukur. Kafin nan ban fasa kira ba ko Juma'a ɗaya. Na san ba za a ɗauka ba. Ina so dai gidan ya ji ina raye.

Abin da ban sani ba, ma'aikatan waya sun zo duba layi har sau biyu, sun tarar da ƙofa a kulle. Suka tambayi Baffa ina mai ita. Ya ce musu ba ya ƙasar, kuma Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa har yau yake ganin ba shi da laifi. Su kuwa ga mutane cike da ofis suna jiran layi. Suka hau falwaya suka cire nawa. Ranar da makulli ya iso aka buɗe ɗakin, Baffa ya ɗaga wayar ya ji shiru.

Wata Juma'a na buga, sai aka ɗauka. Muryar mace, amma ba ta Inna ba. Na hau ta da faɗa.

"Malam, rage murya," in ji ta. "Ni ba sata na yi ba. Malamar makaranta ce ni a Wusasa, ni ma na daɗe ina jira kafin a ba ni."

"Lambata ce!"

"To, yanzu a falona take. Wa kake nema haka kamar za ka fasa mini kunne?"

Na ce uwata. Sai ta ce in kwatanta mata gidan.

Juma'ar da ta zagayo ita da kanta ta ɗauko Inna a tasi. Na ji tana cewa, "Mama, nan za ki sa a kunne, yi magana kawai." Wata tara ke nan ban ji muryar ba.

"Ɗan nan," in ji Inna, "ai duk Juma'a ina jin ka. In wayar ta fara kuka sai in jawo kujera bakin ƙofar, in yi ta cewa na'am har ta yi shiru."

Na tambaye ta ƙafa, ta ce da sauƙi. Ƙarya take yi.

Sau uku Inna ta je Wusasa, daga nan ƙafar ta hana ta fita. Malamar ta koma kai mata saƙona da baki, ta dawo mini da nata. Muryar Inna kuwa ban sake jin ta ba sai da na dawo gida bayan shekara biyu. Na koma ofishin waya, suka ce in rubuta sabuwar takarda in shiga layi. Ban rubuta ba.

Baffa ina gaishe shi safe da yamma, don ƙanen ubana ne. Iyakarta ke nan.