Tutar Mutumin Hargaisa

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik ina Guangzhou, ina saro kayan yara a kasuwar Shisanhang ina aikawa Kano. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, boko ko harafi ɗaya ban sani ba. Da launi nake gane hanya, da launi nake gane kaya. In na ga kore da fari a jikin kwali a wurin masu kago, wato masu aika kaya ƙasashen waje, na san gida za shi. Shi ya sa ni ban taɓa raina tuta ba.

A wani bene muke cin abinci, wurin wani Alhaji ɗan Maraɗi. Falo ne ya cika shi da tebura, yana tuƙa tuwon shinkafa, kuka da daddawa ana kawo masa ta jirgi. Ba shi da takardar izinin sayar da abinci, kuma a watannin nan an tsananta binciken baƙi. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya dafe ƙirji.

Cikin masu cin abincin akwai wani dogon mutum mai sayen takalma, muna kiransa mutumin Hargaisa, da sunan birninsu. Ya yi shekaru a Jidda cikin Hausawa, can ya tsinci Hausarsa da son tuwo. Duk wanda ya ce masa ɗan Somaliya sai ya ajiye cokali.

"Somalilan," in ji shi. "Mun raba gari da su tuni. Muna da shugabanmu, muna da kuɗinmu, muna zaɓe lafiya."

"To da fasfon wa ka shigo nan?" in ji Alhaji.

"Na maƙwabta."

"Ƙasa guda, amma ta aro riga ta zo biki!"

Mu yi dariya, shi ma ya yi. Amma wata rana a hanya ya ce da ni, "Malam, ka san yaron da ya girma, ya yi aure, ya gina gidansa, amma mai unguwa ya ƙi kiransa mai gida? Mu ke nan. Duniya ba ta amsa mana sallama ba tukuna."

Da wasanni suka matso, Alhaji ya ɗaura igiya a bangon falo, ya ce kowa ya kawo ƙaramar tutar ƙasarsu a rataya, mu kalli bikin buɗewa tare a talabijin. Najeriya ta hau, Nijar ta hau, Gana da Mali ma. Mutumin Hargaisa ya roƙe ni in raka shi nema. Mun bi masu sayar da tutoci shago shago, yana kwatanta musu da hannu, su duba tarin da ke gabansu su ce "meyo", wato babu. Wata mata ta miƙo masa shuɗiya mai farin tauraro, ta Somaliya. Ya ce mata sheshe, wato an gode, ya mayar mata da hannu biyu. Na ce ya haƙura, ya ce zai sa a ɗinka masa.

Ranar buɗewa Juma'a ce. Mun dawo daga masallacin Huaisheng jikinmu sharkaf da gumi, mun zauna ke nan sai ga shi da ƙyalle a naɗe, ana ganin gefensa ja da fari.

"Alhaji, ga tawa. Akwai wuri kusa da Mali."

Alhaji ya daina zuba miya. "Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri. Mutanen ƙasar nan ba su wasa da zancen ɓallewa, balle yanzu. In polis ya shigo ya tambayi ƙasar wa ce wannan, mi za ni ce?"

"Ka ce tawa ce."

"Sai su rufe mini wuri, ku koma cin taliya da tsinke!"

Babu wanda ya yi dariya sosai, don gaskiya Alhaji ya faɗa. Shi kuma mutumin, a duk garin nan babu ɗakin da yake zama kamar a gida sai wannan, ga shi nan ɗin ma babu wurinsa a igiya. Can ya ce, "To ka ajiye mini, in na tashi in ɗauka."

Alhaji ya karɓa, ya juya zai cusa ta ƙarƙashin kanta inda yake tara tsummoki da takalman kicin. Sai naɗin ya warware. Kore a sama, fari a tsakiya da baƙin tauraro, ja a ƙasa. A jikin koren kuma, da farin zare, kalmar shahada ce. Wannan rubutun kam tun ina makarantar allo na san shi.

Alhaji ya miƙe da sauri kamar ya taɓa garwashi. "Subhanallahi! Don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ba ka tambaya ba."

Alhaji ya tsaya da ita a hannu yana waige-waige. Ƙarƙashin kanta ba zai yiwu ba. Kan tebur akwai maiƙo, kujera kuwa wurin zama ce. Wani ɗan Kano mai sayar da wayoyi ya ce, "Alhaji, sa ta a aljihu mana."

"In shiga bayi da ita? Kai dai ba ka da hankali."

A ƙarshe ya goge hannunsa, ya ninke ta a hankali, koren a sama. Ya jawo kujera ya hau, ya ɗora ta kan katakon da ke saman talabijin, gefen Alƙur'aninsa. Daga nan tutocin igiya duk suna ƙasa da ita.

Ɗan Kanon ya tafa hannu. "Jama'a ku shaida, Nijar ta amince da Somalilan!"

"Ban amince da kowa ba," in ji Alhaji yana saukowa. "Sunan Allah na ɗaga. Kuma a ninke take, ba ta tashi ba."

Mutumin Hargaisa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon katakon. Na san ba abin da ya nema ba ke nan, shi so yake a baza ta kowa ya gani. Ya dube ni ya ce, "Malam, a ninke ma ai an san da ita."

Na ce, "An sani."

Ya ja kujera ya zauna inda yake fuskantar talabijin, ya wanke hannu, ya ce wa Alhaji ya ƙara masa miya, kuma a bar ta a can har a gama wasanni. Alhaji ya yi gunaguni da Faransanci, ya zuba masa har da nama.