Ranar da Ɗanyen Kifi Ya Sa Na Yi Magana

A duk zaman da muka yi a Kuala Lumpur, akwai wani cin abincin rana da ko haƙorana sun zube ba zai fita daga raina ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Setapak, maigidana yana digirinsa na uku, ni kuma ina da ƙaramin ciki. Kafin wannan na yi ɓari, don haka likita ta ja mini kunne sosai a kan ɗanyen nama da ɗanyen kifi da ɗanyen ƙwai. Ban da likitar da ni da maigidan babu wanda ya san da cikin. A gidanmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, sai dai ido ya gani.

Ana haka sai wani dattijo Bafaranshe, farfesan da ke duba aikin maigidana, ya gayyace mu wani gidan abincin Faransawa a tsakiyar gari. Tun a jirgin ƙasan cikin gari, wato LRT, maigidan ke jaddada mini cewa mutumin nan yana da saurin fushi, kuma ƙarasa karatunsa na hannun farfesan.

Muna shiga gabana ya faɗi. Ga ƙananan tebura da farin ƙyalle, ga kwalaben giya jere a bango, ƙaurin cuku da man shanu kuwa har maƙogwarona. Na lallashi kaina da cewa duk abin da ba zan iya ci ba, sai in ce addinina ya hana.

Ashe dattijon ya riga ni. Cikin fara'a ya ce ya san mu Musulmi ne, shi ya sa tun jiya ya sa aka shirya mana abin da babu alade, babu ɗigon giya, kifi ne zalla irin wanda mahaifiyarsa ke yi musu a gida. Aka ajiye faranti a gabana. Kifi ne ɗanye jajir, an yayyanka shi ƙanana, ga ɗanyar gwaiduwar ƙwai zaune a samansa.

Na ja burodi ina gutsura, na sha ruwa, na ƙara sha. Dattijon ya ajiye cokalinsa yana jiran in ɗanɗana. Maigidana ya taɓa ƙafata ta ƙarƙashin tebur, ya ce a hankali, "Please ki ɗan taɓa mana, ko loma ɗaya ce."

Wallahi ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba. Shi da ya riƙe hannuna a asibiti wancan karon, yau tsoron farfesa ya mantar da shi komai. Na ɗauki cokali har na ɗebo, sai na tuna yadda na dawo gida daga asibiti hannu wofi. Na ajiye. Kaina a sunkuye, da Turancina mai tuntuɓe, na gaya wa baƙon namiji cewa ina da ciki, kuma na taɓa rasa wani.

Dattijon ya miƙe fuska a murtuke. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa mijina karatu. Sai ya ɗauke farantin da hannunsa, ya ce da wani ma'aikacin wurin a gasa mini kifi har ya dahu sosai. Ya juya ga maigidana ya ce, "Kai ka sani, ka yi shiru?" Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa.

Yarinyar da na haifa yanzu tana firamare, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Har yau ina da kunyata, ban yar ba. Amma tun ranar na gane cewa idan rai na cikin haɗari, kunya ba ta da wurin zama, kuma kada ka jira wani ya yi maganar a madadinka, ko da mijinka ne.