Sunan da Aka Rubuta da Fensir

Shekarunsa sittin da takwas, talatin daga ciki a teburin rajistar haihuwa ya yi su. Siriri ne, gilashinsa ɗaure da zare, tawada ta rine masa yatsa. Ba ya rubuta sunan jariri sai ya ji ma'anarsa, ko daga wane yare ya fito. Wataƙila ya taɓa binne nasa ɗan, ba wanda ya sani.

Yau wani direba ne a gabansa, rungume da jaririya. Ya faɗi sunanta.

"Me yake nufi, ɗana?"

"Da yaren kakata, 'wadda ta dawo'. Ai kai ka rubuta mini shi bara, Baba. Da bara waccan."

Tsohon ya tuna. Takardun rasuwar yaran biyu ma ta hannunsa suka bi.

"Ba ka sauya wa wannan ba?"

"Shi kaɗai take amsawa."

Kwananta tara a duniya. Tsohon ya kira sunan a hankali. Jaririyar ta juyo, ta kafa masa ido kamar sun daɗe da sanin juna.

Ya rufe bironsa, ya ɗauki fensir, ya rubuta.