Taken Mai Waina

Shekarun baya, ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wani Bature ma'aikacin jirgi ya ba ni ƙaramin faifai saboda na taya shi sauke akwatinsa. A jikin kwalin akwai hoton samari huɗu, gashi ya sha mai, uku rungume da jita, ɗaya a bayan ganguna. Ban iya karanta sunansu ba. Wani abokina ya ara mini garmahonsa mai batir, na kai gidanmu a unguwar Nuzla ina ta hura hanci, sai ka ce ni na ƙera shi.

Kiɗan ba irin wanda muka sani ba ne. Wata ƙofa ce ke fara ƙara kamar ta shekara ba a buɗe ta ba, sai jita ta shigo tana rawar ɗari, ganguna su biyo ta a guje. Can tsakiya wani ya ƙyalƙyale da dariya daga nesa. Babu mawaƙi, babu ko kalma ɗaya, minti biyu ya ƙare. Ni dai ya shiga raina, sai in sa shi sau goma kafin in fita aiki.

Mahaifiyata waina take soyawa a ƙofar gida kowace safiya, da ita ta riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Muna da wani maƙwabci, dattijo, wanda ya zo daga ƙasar Hausa ta Sudan a ƙafa. Makaɗin kalangu ne a da, kafin ya ajiye. Wata safiya ya zo sayen waina, ya kasa kunne, ya kira ni.

"Ya waladi, ɗana, wannan taken wa ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba. Kiɗa ne kawai."

"Kawai? Shekara talatin na yi ina kiɗa. Mahauta da nasu, maƙera da nasu, kowane ɗan dambe da nasa. Ba a kiɗa babu mai shi. In ba a ambaci sunansa ba, to wanda ba a son faɗar sunansa ne. Ba ka ji ya amsa da dariya ba?"

Ni ma na yi dariya, ban san na jawo mana ba. Kafin Juma'a magana ta zaga Nuzla: wai a gidan mai waina ana zar, borin nan da muka tarar a ƙasar, ana kiran aljani da faifai. Matan da ke cika ƙofarmu suka koma bin wata hanya. Kwana uku mahaifiyata tana mayar da ƙullu cikin gida. Rana ta huɗu aka ce an kai maganar gaban umda, wato mai unguwa.

Ni jarumin naku, sai na ruga ɗaki. Na ajiye faifan a tsakar gida, na ɗauko taɓarya.

"Me za ka yi?" in ji mahaifiyata.

"Fasa shi zan yi, Inna. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Ka fasa, su ce mun ɓoye shaida? In ka fasa shi, har in mutu ni ce matar da aka kama da aljani. Ajiye mini taɓaryata. Shekara ashirin ina ciyar da unguwar nan, ba wannan ɗan baƙin farantin zai kore ni daga ƙofata ba."

Washegari ta ɗora tanda kamar kullum, ta sa na fito da garmaho na kafa shi kan kujera a gefenta, ta ce in ƙure murya. Ƙofar nan ta cikin faifan ta yi ƙararta, kawuna suka leƙo ta tagogi. Dattijon ya fito riƙe da carbi, ya tsaya daga nesa.

"Malam, matso," in ji ta, tana juya waina. "Ka ce ba a kiɗa babu mai shi?"

"Haka ne, Hajiya."

"Gaskiyarka. Mahauta da nasu, maƙera da nasu. Mu masu waina fa, a shekara talatin ɗin nan ka taɓa kaɗa mana?"

Ya girgiza kai.

"To wannan nawa ne. Duk wanda ya ji shi, ya san waina ta soyu. Mai dariyar kuma, in aljani ne, ya zo da kwanonsa ya jira kamar kowa. Yalla, ɗana, maza sake sawa!"

Na sake sawa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ina kallon yatsunsa suna bugun cinyarsa, shi bai sani ba. Da kiɗan ya ƙare ya ce, "Mai gangar nan yana da gaggawa." Ya miƙo kwano. Matan suka biyo bayansa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana cewa ita dama ba ta yarda da maganar ba. Umda kuwa bai taɓa zuwa ba.

Daga ranar, kowace safiya da wannan kiɗa Nuzla take sanin an ɗora tanda. Abokina ya gaji da tambayar garmahonsa, ya bar mana.

Har yau ina jin kunyar taɓaryar nan. Da na sauke ta a kan faifan, da na amsa mana laifin da ba mu yi ba, don kawai a bar ni in sarara. Tun daga lokacin ban ƙara fasa abina don bakin mutane ba, kuma ba zan fara da tsufa ba.

Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Faifan yana nan naɗe cikin mayafinta, ya ƙoƙe, dariyar ma da ƙyar take fita. Jikokina sun ce in ba su kwalin, yanzu-yanzu za su nemo mini masu kiɗan a waya. Na ce su bar shi. Na san mai shi.