Bakin Caji da Sirinjin Raƙuma

Sabi'u ɗan maƙera ne, amma guduma ba ta riƙe shi ba. Ya bar maƙerar ubansa a Tarka yana saurayi, ya yi shekara tara yana bin manyan motoci tsakanin Damagaram da Agadas, ya dawo da abu biyu: iya gyaran rediyo, da tari irin na mashaya taba. Yau yana da rumfa a kasuwar Belbeji, farantin sola a kan rufi, yana gyaran salula da tocila. Gadon maƙera ɗaya ya rage masa. Ubansa ba ya miƙa wa manomi hauya sai ya sari ƙasa da ita, shi ma ba ya mayar da kaya sai ya gwada da kansa a gaban mai shi.

Taba kuwa, shekararsa goma sha ɗaya rabonsa da ita. Ya taɓa bari na wata shida, wani direba ya miƙa masa kara ɗaya a tasha, sai da ya ƙara shekara uku yana sha. Karo na biyu ya bari ne ranar da ciwon ƙirji ya kwantar da matarsa Rahamatu, ya yi mata alkawari. Ya san halinsa, zuƙa ɗaya ta ishe shi komawa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, taubashinsa Ila, wanda ya dawo daga haƙar zinariya a arewa, ya ajiye masa wani ƙaramin gwangwani ɗaure da roba. Sigarin lantarki ne, irin wanda ake zuƙa ya ba da tururi. Ila ya harhaɗa shi daga ragowar waɗanda aka yar. Duk sa'ad da batir ya mutu sai ya kwance gwangwanin ya zaro shi don caji, har wayoyin sun fara tsinkewa.

"Bawana, yi masa baki a waje," in ji Ila, "in riƙa soka caja kamar salula."

Sabi'u ya juya abin a tafin hannu. "Jaki ne ya haɗa wannan da kofato?"

"Ubangidanka ne."

"To ubangida, ranar da ka jona shi da batirin mota yadda kuka saba a daji, ka yi ban kwana da gemunka."

Ya huda gwangwanin, ya ciro bakin caji daga wata matacciyar salula, ya liƙa da dalma a natse. Da ya soka caja, jar fitila ta kama. Wuta na shiga. Saura a san ko yana ba da tururi, tunda an taɓa wayoyinsa. Abin kuma ba shi da maɓalli, ba ya tashi sai an zuƙa.

Ila ya san al'adar rumfar, ya kuma san alkawarin. Ya yi murmushi. "Ɗan maƙera, a gwada mana. Ai ba taba ba ce, ƙamshin mangwaro ne."

Sabi'u ya kai abin kusa da hanci. A ƙarƙashin mangwaron ya ji warin taba, tsohon abokinsa, miyau ya taru masa a baki. Ila ya ga fuskarsa, ya daina wasa.

"Kawo in ja da kaina."

"Ubana bai taɓa ce wa manomi sara mu gani ba."

Sabi'u ya miƙe ya shiga rumfar maƙwabcinsa Mansur mai maganin dabbobi, ya aro babban sirinjin da ake ɗura wa raƙuma magani. Ya sa guntun tiyo tsakanin sirinjin da bakin sigarin, ya ja a hankali. Farin tururi ya cika sirinjin fal.

"Raƙumi ya sha, ya ce da daɗi," in ji Mansur.

Sabi'u ya fita bayan rumfa, ya kau da kai, ya tura tururin inda iska ta nufa. Ya wanke sirinjin, ya wanke hannuwansa da sabulu sau biyu, don hancin Rahamatu ba ya kuskure.

Ila ya sa gwangwanin a aljihu, amma bai tafi ba. Ya rage murya.

"Kai yaya ka yi ka bari?"

"Wa ya ce maka na bari?" in ji Sabi'u, yana jawo wata tocila. "Yau ma dai ban sha ba."