Gurmin Yaya Abarshi

Ku da kuka zauna da Yaya Abarshi a unguwar Maure kun sani, ba ya gaida mutum da safe sai ya gaida gurminsa. Ya sauko da shi daga ƙusa, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ya kara kunne. In ta ɗame, ya ce yau rana ce. In ta saki, ya ce, "A kwashe shanya." Fatar guza ce, tana jin laima tun hadari bai haɗu ba. Ni ƙanwarsa, shekara da shekaru ban shanya hatsi ba sai ƙwaryar gurmin nan ta ba ni izini.

Tun muna ƙauye a ƙasar Tawa shi ke yin waƙoƙinsa, na rijiya, na jaki mai taurin kai, bai taɓa wasa kowa ba. Sau ɗaya 'yan rediyo suka ɗauki muryarsa. Ran da ya ji ta a Babbar Kasuwa ya tsaya, ya saurara, ya ce wa mai shago, "Wannan ya sace mini waƙa, kuma bai iya ba."

Tsirkiya kuwa ba ya saye. Shekarar da kogi ya ƙafe har ana taka ƙasa a ƙetare zuwa Lamorde, na iske shi a cikin rairayi yana tsintar zaren ƙugiyar da masunta suka bari, don ya yi tsirkiya da shi. Na ce, "Yaya, mutane na kukan kogi, kai kana tsince-tsince?"

Ya ce, "Auta, in babba ya rasu ai sai a raba gado."

To, a shekarar nan ce soji suka shirya babban wasa don a sanyaya zukatan jama'a. Wani mai muƙamin lajidan a cikinsu ya zo har zaure, ya ce ran Asabar Yaya zai hau dandali, ya yi waƙar shuka. Mutumin da bai taɓa wuce waƙa a gindin itacen bedi ba! Sau biyu Yaya ya sa na wanke masa shuɗiyar rigarsa. Amma waƙar shuka, kun sani, ba ya yin ta sai ranar ruwan fari. Ya ce yin ta a kan busasshiyar ƙasa yi wa mayunwata dariya ne.

Lajidan ya ce, "Baba, oda ce. In ba ita, a cire sunanka."

Yaya ya nuna ƙusa. "Ranka ya daɗe, ga kwamandana can a rataye. Ku bar sunan zuwa Asabar, mu ji ta bakinsa."

Lajidan ya yi dariyar da bai shirya ba, ya bar sunan.

Kullum safiya ya ƙwanƙwasa, kullum fata kamar dutse. Ga tari ya kama shi. Ga tuwon jar dawar taimako, in na zuba masa sai ya miƙa wa mutanen da fari ya koro daga daji, ya ce mawaƙi da cikakken ciki ba ya da murya. Ran Laraba ya kasa tashi, ya ce in ƙwanƙwasa masa. Na ƙwanƙwasa. Ya ce, "Da saura." Ran Alhamis da hantsi muka rasa shi.

Asabar da safe ina zaman makoki, hannuna ya kai ga ƙusa ban sani ba. Na ƙwanƙwasa. Fata ta saki.

Na fita tsakar gida na ce, "A kwashe shanya." Mata suka dubi juna, suka ce baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. La'asar ba ta yi ba aka tsuge da ruwa. Kujerun wasa suka yi iyo, taro ya watse, ba wanda ya hau dandalin nan. Shuɗiyar riga tana ninke a kan gado, waƙar shuka kuwa babu mai yi.

Allah Ka jiƙan Yaya Abarshi. Yadda Ka shayar da ƙasar nan ran Asabar ɗin, Ka sanyaya masa makwanci. Amin.